Harsashin da Inna Ta Gani a Majigi

Ni tela ne, kuma tun ina saurayi aka san ni da gaggawa. Idan na hau keken ɗinki, maƙwabtanmu a Nariya cewa suke yi kamar wani ne ya biyo ni da sanda. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba haka take ba. Ko ruwa za ta sha sai ta zauna, ta gyara zani, ta yi bisimilla, kamar ba ƙishirwa ce ta kawo ta ba. Wannan natsuwar ce ta sa matan unguwa suka mai da ita wadda ake aika wa idan ciwon wata mace ya yi tsanani. Ba magani take bayarwa ba. Zama take yi a gefen tabarma, ta riƙe hannun mara lafiya, ta riƙa faɗin kalmar shahada a hankali kusa da kunnenta har ita ma ta kama. Ba ta taɓa cewa da kowa "ki faɗa" ba. Takan ce ba a matsa wa mai barin duniya, ajiye masa kalmar ake yi a kunne ya ɗauka da kansa.

Yayana, ɗanta na fari, yana cikin waɗanda aka ɗauka soja lokacin yaƙin Bama, kuma bai dawo ba. Wanda ya kawo mana cikakken labari wani abokin aikinsa ne, mutumin Rurum, da ya dawo gida da ɗingishi. Ya zo gaisuwa muka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Inna ta zauna daga bayan ƙofa tana ji. Bawan Allah, don ya sanyaya mata zuciya, ya ce ta gode wa Allah ɗanta bai sha wahala ba. Suna cikin tafiya a daji harsashi ya same shi, ko ƙarar bindigar bai ji ba, kafin a ƙifta ido ya cika.

Mu maza muka yi hamdala. Inna kuwa sai ta tambaya ko yaron ya samu ya yi shahada. Tsohon sojan ya sunkuyar da kai. Da maƙaryaci ne da ya ce e, kowa ya huta. Amma mutumin kirki ne, sai ya ce gaskiya shi bai ji ba, abin ya yi sauri.

Daga ranar Inna ta daina zuwa wurin masu jinya. Idan aka aiko sai ta ce ƙafarta ce ke damunta, alhali da ƙafar take zuwa gona. Kunyar ɗan fari ta hana ta ambaton sunansa, ta hana ta kuka a gaban mutane, don haka abin ya zauna mata a ciki. Sau ɗaya tak na ji ta faɗa, tana tsinkar zogale, ba ma da ni take ba. Ta ce ta sa kalmar a kunnen mutane ba iyaka, nata ya tafi babu mai sa masa. Liman ya zo ya yi mata nasiha, ya ce Allah zuciya yake dubawa, kuma yaron da kalmar ya rayu. Ta ce haka ne, Malam, ta gode. Da ya fita ta koma gidan jiya.

Sai ta tsiri tambayar maharba. Duk wanda ya ratso ƙauyen da bindigar toka a kafaɗa, za ta sa a kira shi, a dama masa fura, sannan ta tambaye shi tsakanin tashin bindiga da faɗuwar dabba akwai ɗan lokaci ko babu. Maharbi kuwa ba a raba shi da cika baki. Wannan ya ce nasa harbin ko shurawa ba a yi, wancan ya ce gada takan yi gudu kaɗan kafin ta faɗi. Idan ta ji haka fuskarta ta washe, sai kuma ya ɓata rawarsa da cewa ai bindigar soja daban ce. Abin yana ba ni haushi, don na fara jin ana raɗa cewa tsohuwar ta taɓu, kuma yana ba ni tausayi fiye da haushin.

Aka ɗauki shekaru a haka, har aka fara maganar mulkin kai. Wata rana na raka ta Kibiya wurin ƙanwarta, muka tarar motar majigi ta zo gari. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a fili, gari ya fito, ƙanwar ta ja Inna suka zauna a ɓangaren tsofaffin mata. Aka nuna yadda ake shanya gyaɗa, aka nuna haƙa masai, mai bayani yana ta zolaya a lasifika ana dariya. Can sai ya ce yanzu zai nuna mana abin da ido bai taɓa gani ba.

Bakin bindiga ne ya cika ƙyallen. Hayaƙi ya fito a hankali, sai ga harsashi ya leƙo, ya kama hanya yana juyawa kamar mazari a hannun mai kaɗi. Ya yi ta tafiya, ba gaggawa, har ya isa wurin wani ƙwai da aka ajiye. Ya shiga, ƙwan ya kumbura, ya tsage, ruwansa ya watsu sannu sannu. Fili ya kaure da hayaniya, wani ya ce shi da hularsa ma zai kama wannan. Mai bayani ya ce kada wanda ya gwada, domin duk abin da muka gani kafin ƙiftawar ido yake faruwa. Na'ura ce take ɗaukar hotuna masu ɗimbin yawa cikin wannan ɗan lokacin, sannan a nuna su ɗaya bayan ɗaya.

Aka sake nuna wani, wannan karon kwalba ce aka ajiye. Ni ban kalli ƙyallen ba, juyawa na yi ina kallon Inna. Leɓunanta suna motsi, kuma na san motsin tun ina goye. Ta fara lokacin da harsashin ya fito, ta kai ƙarshen kalmar, shi kuwa bai ma kai ga kwalbar ba.

Tsorona kada ta ɗauka haka harsashi yake tafiya, gobe wani mai ƙaton baki ya rushe mata abin a bainar jama'a. Gara ta ji daga gare ni. A hanyar komawa na matsa kusa da ita.

"Inna, kin dai ji abin da mutumin ya ce ko? Na'ura ce ta ja abin."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Kai da ka san ƙarfe, gaya mini. Tafiyar nan da muka gani, su suka ƙirƙira ta, ko dama harsashin yana yin ta?"

Na ce dama yana yin ta, ido ne ba ya iya bi.

"To ashe akwai fili a cikin ƙiftawar idon nan. Mu ne ba ma gani."

Na ce amma harshen mutum ba zai iya shiga wannan filin ba. Ta ce ita ba ta ce da harshe ba. Ta ƙara da cewa Wanda ya bar wa ƙarfe wannan sararin ba ta jin zai hana bawansa. 

Ni ba malami ba ne, kuma har yau ina juya maganar ban kai ƙarshenta ba. Ita ma ba ta ce ta tabbata ba. Abin da na lura shi ne, shekara da shekaru tana ganin mutuwar ɗanta abu ne dunƙulalle da babu inda za a sa ko allura, ran nan kuma ta ga yana da tsawo. Maharba suka daina samun furar banza a gidanmu. Da aka aiko cewa ciwon wata maƙwabciya ya tashi, ina kan keke na ga ta ɗauki mayafinta ta fita, ba ta yi zancen ƙafa ba.

Ta rasu da damina, bayan an samu mulkin kai. 'Yan'uwana mata suna ɗakin, amma hannuna ta riƙe, don haka aikin ya faɗo kaina. Ina ganin numfashinta yana sama sama, tsoro ya kama ni kada ya riga ni, na shiga jero kalmar da sauri, ina maimaitawa ba tsayawa. Ta buɗe ido ta dube ni.

"A hankali, ɗan nan. Akwai lokaci."

Na sassauta, na faɗa sau ɗaya kusa da kunnenta, na yi shiru. Ta ɗauka da kanta.