Ranar da Kawu Ya Sake Hawa Kanya

Kafin in shiga labari, ya dace in bayyana inda na samo abin da zan faɗa. Abin da ya faru a hanya da kuma gindin bishiya da idona na gani, a makon ƙarshe na Disamban da ya wuce. Labarin faɗuwar kawuna daga bakinsa na ji, domin ba na wurin. Yadda ake amfani da kayan hawan bishiyar kuwa daga bidiyoyin maharban ƙasashen waje na koya, kuma dabbobin da suke harbi sun fi gadarmu girma nesa ba kusa ba. Sunan "sirdin bishiya" ni na sa wa kayan. Ban taɓa jin wani maharbi ya kira su haka ba. Nisan hanya ban auna ba, saboda haka ba zan ambaci adadi ba.

Mun tashi da asuba daga Dutse, ni da Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi farauta tun yana saurayi. Bara reshen da ya ɗora gadon kwantonsa a kai ya karye da shi, ƙugunsa ya goce, aka kawo shi gidanmu jinya. Ya warke har ya ajiye sanda, amma 'ya'yansa suka ce shi da bishiya sai dai kallo. Da ƙyar suka amince da sharaɗi guda: idan akwai hanyar hawa da ba ta dogara da reshe ba, ya gwada sau ɗaya. In abin ya gagara, ya rataye bindiga.

Hanyar tana cikin jakar da ke kan cinyata. Ɗamara ce mai faɗi wadda mutum yake zama a cikinta, da igiya biyu masu ƙugiya, ɗaya ta hawa, ɗaya ta rataya a jikin gangar bishiya, sai matakalai marasa nauyi da ɗan wurin sa ƙafa, duk ana ɗaure su da maɗauri. Na yi makonni ina gwada su a darbejiyar ƙofar gidanmu, har maƙwabta suka daina tambaya.

Bayan Kiyawa gari ya waye sosai. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai kara a jingine, awaki kuma suna kiwo. Direba ya ce fetur ne ya ƙara kuɗin mota, Kawu ya tambaye shi ko fetur ɗin ne kuma ya sa aka cusa mutum biyu a kujerar gaba. A Jahun muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa bai rame ba. Daga nan babur ya ɗauke mu ta hanyar yashi zuwa ƙauyen su Kawu.

Wurin da Kawu ya zaɓa wata kanya ce a bakin kurmi, wadda gada take zuwa tsintar 'ya'yanta kafin magariba. A nan na ci karo da abin da babu shi a bidiyo ko ɗaya. Gonar da kanyar take ciki ta wani ce, kanyar kuma ta wata tsohuwa ce da ta gada daga mahaifinta, kuma a yankin ba a taka bishiya sai da yardar mai ita. Tsohuwar ta daɗe da hana maharba, saboda suna kafa ƙusoshi a jikin kanyar suna sare rassa don yin gado.

Muka same ta tana sussukar gero, muka durƙusa muka gaisa.

"Iya, kanya muka zo roƙo," in ji Kawu.

"Kai da bishiya ba ku rabu ba? Ai na ji ta kayar da kai."

"Ba taki ba ce, Iya."

"Tawa ma ƙusa kuka cika ta da ita. Ba na bayarwa."

Na nemi izinin magana. Na ce, "Iya, ba za mu kafa ƙusa ba, ba za mu sare ko tsinke ba. Ki zo ki gani. In kin ga rauni a jikinta, mu tafi."

Ta yafa mayafi ta biyo mu. Na ɗaura matakalai ɗaya bayan ɗaya, igiyar hawa tana zagaye da ni da gangar, har na kai sama na rataya na saki hannuwa biyu. Na sauko na kwance komai. Iya ta zagaya kanyar tana shafa ɓawon da tafin hannunta, a hankali, kamar mai duba jikin jika. Ba ta sami ko ƙwarzane ba.

"To," ta ce. Sai ta dubi Kawu da ke sa ɗamarar. "Au, da furfurarka za a goya ka da majanyi?"

"Goyon ya fi ɗori daɗi, Iya."

Bayan sallar la'asar ya hau. Hawan bai ba shi wahala ba. Abin da ya yi wuya shi ne jingina da baya cikin iska, domin maharbinmu ya saba ya ba bishiya baya, wannan kaya kuwa fuskantarta ake yi. Ya daɗe rungume da gangar. Na ce masa daga ƙasa, "Kawu, nauyinka a ganga yake, ba a reshe ba." Ya yi bisimilla ya saki. Igiya ta miƙe, ta riƙe shi. Ya jawo bindigarsa da siririyar igiya, ya yi mini alama da hannu in ɓace. Ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokacin ba, ko ranar da na karɓi sakamakon jami'a.

Na laɓe bayan kara, inda iska ba za ta kai warina kurmi ba. Rana ta yi ja, sai ga gada ta fito tana ɗaga kunne. Ta tsaya a gindin kanyar tana ci. Na ga Kawu ya saita bindiga. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke ta. Gadar ta gama cin abinta ta koma kurmi.

Da ya sauko ya ce, "Mace ce, da ciki. Ba a harbin mai ciki." Daga inda nake ban iya ganin cikinta ba.

Washegari muka dawo Dutse ba nama. 'Ya'yansa sun kalli hoton da na ɗauka yana rataye hannu sake, suka janye maganar ajiye bindiga. Na koyi cewa kaya mara nauyi yana riƙe dattijo lafiya idan an ɗaura shi daidai, kuma a ƙasarmu mai son fara wannan farauta ya fara da gaida mai bishiya kafin ya kwance jaka. Waɗannan zan iya tsayawa a kansu.

Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma kunya ta hana ni tambayarsa. Shin gadar tana da ciki da gaske, ko kuwa Kawu ne ya kasa harbin?