Wayoyi Huɗu da Injiniya Ya Bar Mini

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar. Ina zaune a kan benci a ƙofar gida, ina shara wa maƙwabta ƙaryar yadda na taɓa tsere wa bijimi da ƙafa a kasuwar kara, ana ta dariya, sai ga Malam Garba mai faci a kan babur. Shekara talatin muna tare, bai taɓa sauka bai tsokane ni ba. Ran nan ya kashe babur, ya yi sallama cikakkiya kamar ya zo gidan baƙo, ya tsuguna a gabana.

Ya ce, "Malam Sale, sai haƙuri. Motar da yaron nan ya shigo daga Kano ta yi karo da tirela kafin su iso gadar garin nan. Allah ya karɓi abinsa."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baki ne ya faɗa, ni kam ban san inda nake ba. Ya miƙo mini wata baƙar leda da aka samu a aljihun yaron. Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki, don ni na aike shi, ko da yake ban buɗe baki na ce ya je ba.

Masu karatu su yi mini afuwa. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ma malaman ne suka fara gajiya. Wanda ya rasu ɗana ne na fari, kuma kun san yadda muka tashi: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Shekara ashirin da tara ban taɓa faɗar sunansa ba. Yana ƙarami "kai" nake ce masa. Da ya je Kano ya koyo aikin rewaya, wato gyaran wayoyin mota, ya dawo da wani ɗan akwati mai igiya yana cewa wai mota na yi masa magana, sai na laƙaba masa Injiniya. Ba don girmamawa ba, don tsokana. Ya karɓa bai taɓa ɓata rai ba.

Shekarun nan da kuɗin fetur ya cika ƙasa, manya na ta shigo da jif-jif, mu rabonmu shi ne tsofaffin motocin da Turawa suka gama moro. Ni ma na samu wata a-kori-kura da ta kusa girmar Injiniya. Da ita nake kwaso buhunan gero da awaki daga Darki da Achika da Kausani zuwa kasuwar Juma'a. Ita ce gonata, ita ce ofis ɗina.

Bara ta fara shan mai kamar an huda tankin, tana baƙin hayaƙi, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana ta ƙi mutuwa. Na yi mata maganin da na iya: na manna takardar "Allah ya kiyaye" a kanta. Injiniya ya shiga motar, ya ɗaga takardar da farce, ya mayar.

Ya ce, "Baba, fitilar nan ba gaba take yi da kai ba, ƙara take kawowa. Ka toshe mata baki, amma ciwon yana nan."

Na ce, "To likita, me ke damun majinyaciyar?"

Ya ce oksijin sensa ce ta mutu. Ya kwanta a ƙasa ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar fulogi, a ɗaure a jikin salansa. Wai shi ke shinshinar hayaƙi, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Na ce ashe har hanci Turawa suka yi wa mota, saura su yi mata suruka. Ya yi murmushi. Haka yake, ni in yi ta zuba, shi ya yi ta aiki.

Ba mai yawan magana ba ne. In ya gama wa mutum aiki, sai ya tattara tsofaffin wayoyin ya miƙa masa, ya ce kayanka ne. In aka kira sallah da sifana a hannunsa, a nan yake ajiye ta. Akwai maganar da yake yawan yi: "Waya ba ta son gaggawa." Ban taɓa ganin ya ciji waya da haƙori ba, ni kuwa haƙorana biyu na gaba a wannan sana'ar suka tafi.

Ya sayo sabuwar sensa. Irin ta motata ba a samu, sai wadda ake yanke tsohon soket a haɗa mata. Ya bar injin ya ɗan yi ɗumi, ya kwance tsohuwar, ya ɗaura sabuwar, sannan ya zauna da wayoyi huɗu. Farare biyu na ɗumama ta ne, baƙa ita ke kai saƙo, mai ruwan toka ta ƙasa ce. Da yake launin wayoyin motar daban ne, ya yagi kwalin sabulu ya zana mini wace ke auren wace. Ya matse kowace da ɗan bututun ƙarfe, bai sa dalma ba.

Ya ce, "Baba, abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka shafa mata komai. Ta cikin wayoyin nan take shan iska."

Fitila ta mutu. Hayaƙi ya washe. Na so in ce masa madalla, sai na ji bakina ya ce, "Sa'a ce."

Da damina ta kama, na tuna akwai kwazazzabon da nake ratsawa a hanyar Kausani. Tun muna yaran mota muka san ruwa da waya ba sa shiri, kuma maganin ruwa giris ne. Na ce yaron jiya ne zai koya mini? Wai waya na numfashi! Na faki idonsa na shiga ƙarƙashin motar, na zame rigar wayoyin, na cusa giris har cikin soket, na naɗe da leda, na bi da salatif. Na fito ina jin kaina gwani. Kwana tara fitila ta dawo, tana haske ta ƙarƙashin takardar.

Ranar Laraba ya shiga ƙarƙashi ya duba. Na tsaya a kansa ina faɗa, wai jabu aka sayar masa, wai Kanawa sun ga ɗan ƙauye. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, yatsunsa duk giris. Ya dubi yatsun, ya dube ni, ya goge a tsumma. Malam Garba na wurin, da mutum biyu masu jiran faci.

Ya ce, "Haka ne Baba, ni ne ban duba da kyau ba. Gobe in sha Allahu zan shiga Kano in canzo, kada ka rasa kasuwar Juma'a."

Ya rufa mini asiri a gaban mutane, ni kuwa na bar shi ya rufa. Har na ƙara da cewa, "A dai buɗe ido, Injiniya." Maganata ta ƙarshe da shi ke nan.

Malamai sun zo ta'aziyya sun ce ajali ne, ko yana kan gadonsa ranar sai ya tafi. Na yarda, ban isa in musa ba. Amma na kasa hana zuciyata lissafin hanyar: giris, fitila, Kano, tirela. Kullum daga hannuna take farawa. Mutane sun saba in ba su dariya, har a zaman makoki wasu na satar kallona ko zan ce wani abu. Na laluba, babu. Mahaifiyarsa ma kunyar ɗan fari ta hana ta kuka a gaban jama'a, sai dai a ga tana ta wanke kwanon da an riga an wanke.

Bayan sadakar arba'in hatsin gida ya ja baya, ga matarsa Hindatu da 'yarsu Ummi sun dawo hannuna. Dole mota ta fita. Na buɗe baƙar ledar. Sensa ce sabuwa a kwalinta, da bututun matsi guda takwas. Huɗu ake bukata. Ya san halin ubansa, ya sayo da rara.

Na ɗauko kwalin sabulun nan daga aljihun mota, na shiga ƙarƙashi. Malam Garba ya tsuguna yana karanto mini zanen.

Ya ce, "Baƙa da shuɗiya. Malam Sale, ka ji? Ban da haƙori."

Na ce, "Na ji."

Na ɗaura sabuwar sensar, na ɓata bututu biyu kafin na iya matsin. Na haɗa fararen, na haɗa baƙa, na haɗa mai ruwan toka. Gwangwanin giris na gefena, ban taɓa shi ba. Na fito na ɓare takardar "Allah ya kiyaye", na tayar da mota. Fitilar ta kama, ta ɗan tsaya, ta mutu.

Malam Garba ya ce, "Alhamdu lillahi, ta yi."

Ni kuwa na kifa kai a kan sitiyari. Wata shida muna faɗa da yaron nan a kan fitilar nan, ita ce hirarmu, ita ce hanyar da nake bi in kira shi ba tare da na kira shi ba. Yanzu ta mutu, motar lafiya lau, ba hayaƙi, ba gardama, ba kuma wanda zan ce wa ya yi gaskiya. Har yau in na hau gada sai na duba wurin, ko za ta kama.

Na faɗa wa Malam Garba maganar giris. Ya ce ai tun ranar ya gani. Na faɗa wa mahaifiyarsa. Yanzu na faɗa muku. Wanda ya kamata in faɗa wa ne ba ya nan.

Ya Allah, kai ka ba ni shi, kai ka karɓa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa wa ubansa a bakin titi. Ka ba Hindatu da mahaifiyarsa haƙurin da ni na rasa. Ka raya Ummi, ka ba ta hannun ubanta, kada ka ba ta bakin kakanta. Waɗanda suka rasu tare da shi, ka haɗa su duka a rahamarka. Kunya kuwa ta ci abin da za ta ci, yau zan faɗa, ko da ba zai amsa ba.

Auwalu. Aikinka ya yi kyau, Auwalu. Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.