Rawar da Rifkatu Ke Bina

Jama'a, ban mutu ba. Na san shirun ya yi yawa, har wani ya turo gaisuwar rasuwata a wayata. Na karanta, na gode.

'Yata Rifkatu, mai waƙoƙin yabon Ubangiji a Jos, ta turo mini sabuwar waƙarta. A gonar albasata ta Rimawa kuwa ba a samun sabis ɗin waya sai an hau bakin kwalbatin ruwan dam. Na hau. Waƙa ta shigo. Tsoho da ni, na ce bari in ɗan taka. Santsi ya kwashe ni.

Wani ƙarfe ya yanke ni a yatsan ƙafa. Wayar dai ko ɗigo bai taɓa ta ba, ita na ɗaga sama.

Na shafa baƙin man injin ban-ruwa, yadda muka saba. Wanda ya tsaya a aji huɗu, iyakar likitancinsa ke nan.

Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Maƙwabcina Malam Bello ya leƙo, ya toshe hanci. "Baban Rifkatu, mi kaka ɓoyewa? Wagga ƙahwa ta mutu ta bar ka!" Ya aza ni bisa babur sai Goronyo, daga can aka tura mu Sakkwato.

Aka ɗebi jini. Likita ya ce, "Baba, ka san kana da ciwon suga?" Na ce ni da ko shayi sai an saya mini? Bai yi dariya ba. "Yatsu biyu za su tafi. In abin ya haura, har gwiwa."

Nan barkwanci ya ƙare mini.

Lokacin saura kaɗan Rifkatu ta ƙaddamar da kundin waƙoƙinta na farko. Tun tana cikin ƙungiyar mawaƙan ƙaramin cocinmu na Wurno take jiran ranar. Da uwarta ta rasu, a gindin injin ban-ruwa na rene ta, shi ya sa take cewa bugunsa ne kiɗan duk waƙar da ta rubuta. Shekara da shekaru tana yi wa wasu amshi kafin nata ya zo. Na yi mata alkawarin ni zan buɗe rawa.

Na san in ta ji, watsar da komai za ta yi ta taho. Sai na ce mata ba zan samu zuwa ba, albasa ta isa cira.

"Baba, albasa ta fi ni ke nan?"

Na ce albasa ba ta jira. Na kashe waya, na juya fuska bango.

Lokacin ziyara ya fi wankin ciwon zafi. Kowane gado da kwanukansa da masu sannu. Nawa sai ƙuda, sai ranar da Malam Bello ya samu mota ta Achida. Shi ne ya sa hannu aka yi aikin, ya ce musu wansa ne ni. Shi ya sayar da injin ban-ruwana aka biya allurai da aiki. Injin ya riga yatsun tafiya.

Ranar ƙaddamarwar, nas na wanke mini ciwo, sai wayarta ta yi ƙara. Waƙar Rifkatu ce ta sa a matsayin ƙarar kira.

Na ce, "'Yata ce wannan."

Ta ce, "To Baba, ni ma gwamna kawuna ne. Miƙe ƙafar."

Na yi hawaye. Ta ɗauka zafin magani ne, ta yi ta ba ni haƙuri.

Kashegari Malam Bello ya tona ni. Rifkatu ta iso, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ɗaga zanen da ya rufe ƙafar, ta daɗe tana kallo.

"Sauran nan sun isa rawa," in ji ta.

Gwiwa ta tsira. Yanzu ina gida da sanda, ina haɗiyar magani, an raba ni da rake.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitocin, da nas ɗin da yanzu take gaishe ni har ƙasa, da Malam Bello wanda uwa ɗaya ce kawai ba mu haɗa ba.

Masu ban-ruwa, ku sa takalmin roba. Baƙin mai na inji ne. Ku gwada suga ko ba ku jin komai. In kun kwanta, ku faɗa wa 'ya'yanku, su zaɓa da kansu.

Rifkatu ta yafe ƙaryar, rawar ce ta ƙi yafewa. Ta ce ranar Kirsimeti, a cocin Wurno, gaban kowa. Kullum da safe ina jingine sanda ina gwadawa a tsakar gida. Kaji ne 'yan kallo, kuma har yau gudu suke yi.