Muzurun da ya hana Inna kiwon zabbi

Mun tashi da asuba daga tashar Madawa, ni da taubashina, a cikin wata mota da buhunan albasa suka fi fasinjojinta daraja. An ɗaure buhunan da kyau a sama, mu kuma aka cusa mu huɗu huɗu. Abin da ya tayar da mu kiran Inna ne, ƙanwar mahaifiyata, da ke zaune a wani ƙauye bayan Tamaske. Ta ce wani muzurun daji ya ƙarar mata da zabbi, mutanen gari kuma suna shirin sa guba. Tun da 'ya'yanta maza suka tafi biɗa, wato ci-rani, ƙasashen gaɓar teku, da ƙwan zabbin nan take sayen gishiri da sabulu. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da kimiyya a kwaleji, don haka a ganin dangi babu dabbar da ban sani ba.

Tun kafin mu kai Buza na fara rikicewa. Da na ambaci abin da zai kai mu, wata mata mai goyo ta ce muzurun ƙasar Adar, inda muka nufa, ya kai ɗan akuya, ta gani da idonta. Wani dattijo a gaba ya ce sam, bai fi zomo ba, gashi ne kawai yake tayarwa. Direba ya ce ya taɓa take ɗaya, har motar ta girgiza. Taubashina ya tambaye shi ko ya tabbata ba jaki ya take ba, direban bai ƙara yi mana magana ba har Buza.

A Buza muka sha fura mai yaji da nono mai tsami, dala hamsin ƙwarya, muka sayi ƙuli-ƙuli. Daga nan hanya ta zama jar ƙasa da tsakuwa, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, gonakin hatsi an riga an girbe sai karan. Kusa da Dewule taya ta fashe. Mai faci, da ya ji zancenmu, ya shiga rumfarsa ya fito da wata fata busasshiya, ya ce ta muzurun daji ce. Na auna ta da hannu, daga wuya zuwa gindin wutsiya taƙi uku da ɗan wani abu. Na fara rubutawa a takarda, sai ya ce ai da aka feɗe ta an ja ta da turaku don ta bushe, ta ƙaru. Na tambaye shi da nawa ta ƙaru, ya ce ya danganta da ƙarfin mai ja. Na mayar da alƙalamina aljihu.

Mun wuce Keita da azahar, daga Tamaske muka hau kabu-kabu. Inna ta tarbe mu da tuwon hatsi da miyar kuka. Zabbi biyar suka rage mata, suna yawo a tsakar gida suna kuka kamar masu ƙara. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta yi ta tsine wa muzurun ba yadda na zata. Duk tambayar da na yi, sai ta ce in ci abinci tukuna.

Bayan la'asar aka haɗa ni da wani tsohon maharbi, wanda kakanninsa ne ke riƙe da sha'anin daji a garin tun zamanin anna, kafin zuwan Musulunci, ko da yake shi yanzu ba ya rasa sahun farko a masallaci. Ya kai mu wani kwazazzabo bayan gonaki. A yashi ya nuna mini sawu iri biyu. Ɗaya zagayayye ne, ba alamar farce. Wannan na kyanwa ne, in ji shi, domin ita tana ɓoye faratanta in tana tafiya. Ɗayan mai ɗan tsawo, farata sun fito, wannan na dila ne. Dukansu biyu sun nufi gari, dukansu biyu sun dawo.

Na tambaye shi wanne ke cin zabbin. Ya ce, "Mushe, ni sawu nika karatu. Ban iya karatun ciki ba."

Muka zauna bayan wani dutse, ya hana mu ko tari. Ya yi mini bayani a hankali cewa kyanwoyin daji iri biyu ne. Akwai waɗanda tun asali a daji suke, dogayen ƙafafu, bayan kunnensu ja. Akwai kuma na gida da suka bar gida, yawanci in an rufe ɗaki an tafi. Suna haɗuwa su haihu, 'ya'yan ba ka iya cewa ga inda suka dosa. Ba sa yawo biyu biyu, ba sa kukan neman abinci, kowane da yankinsa. Wanda ya taɓa zama cikin mutane shi ya fi ɓarna, domin ya san inda ƙofa take.

Rana ta yi ja sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin wata sabara. Launin toka ne da ratsi-ratsi, wutsiya mai zobba baƙaƙe. Wallahi a idona ya kai ƙaramin kare. Yana tafe ƙasa ƙasa, ya tsaya, ya daɗe bai motsa ba, sannan ya yi tsalle ɗaya ya danne gafiya. Ya ɗago da ita a baki ya dube mu sosai, bai gudu ba, ya juya ya shige duwatsu. Taubashina ya ɗauki hoto da salula. Da muka duba, sai ga wata 'yar kyanwa da ba ta fi ta gidanmu a Madawa ba. Na ce hoton ne ya rage shi. Maharbi ya ce tsoro ne ya ƙara shi. Bayan kunnen kuwa, ni na ga ja, taubashina ya ce hasken rana ne.

Washegari da hantsi aka taru ƙofar mai gari. Masu kaji suna son a sa guba a nama. Maharbi ya ce gubar za ta kashe karnuka da ungulaye, in kuma muzurun ya mutu gafiya da ɓeraye za su shiga rumbuna. Aka juyo gare ni. Na tashi, na ce na ga muzurun, amma ban san girmansa ba, ban san na gida ne ko na daji ba, ban kuma san ko shi ke cin zabbin ba. Wani ya tambaya a hankali ko da gaske ni ne mushen. Mai gari ya ce a dakata da gubar har wata ya mutu, kowa ya rufe kajinsa. Ni da taubashina muka wuni muna kwaɓa laka, muka gina wa Inna akurki mai ƙofar kwano.

Da safen da za mu tafi na zagaya bayan danga, sai na tarar da wata 'yar tasa da sauran nono a ciki, ga sawu zagayayye kewaye da ita. Inna ta biyo ni ta tsaya. Ta ce autanta yana da mussa, wato kyanwa, mai toka-toka, wadda ke kwana a ƙafafunsa. Shekarar da ya tafi ta yi kwana bakwai tana kuka a ƙofar ɗakinsa, sannan ta ɓace.

"Ko ita ta, ko ɗanta na, ban sani ba," in ji Inna. "Ni ban kire ka don a kashe shi ba, ɗana. Na kire ka don ka hana."

Na ce to zabbin fa, Inna? Ta ce zabbi ana sayen wasu a kasuwar Tamaske. Ta ɗauki tasar ta ɗauraye, ta roƙe ni kada maganar ta fita.

Mun iso Madawa da magariba, ƙura har cikin kunne. Na tafi da niyyar auna dabba in faɗa wa mutane gaskiyarta, na dawo ban san ko da tsawonta ba. Abin da na koya shi ne in riƙa tambayar mai kirana abin da yake so kafin in hau mota. Ɗalibaina sun tambaye ni girman muzurun daji. Na buɗe hannuwa zan nuna musu, na ƙara, na rage, daga baya na ce su buɗe littafi mu ci gaba da darasi.