Ranar da na sa ɗana ya cire iyaka

Shekarun baya, damina biyu bayan rasuwar maigidana, na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Ɗiyata da ke aure a Gummi ce ta zo ganina, na ce ta zauna ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, bai bar mana komai ba sai gona da shanun huɗa biyu, fari da mai roɗi-roɗi. Shi ya yi kiwonsu tun suna maruƙa. Yana kwance ciwon ajali ma sai ya tambaya ko an ba su dusa. Da ɓarayin daji suka matsa wa ƙasarmu ta Anka, ajiye sa a gida ya zama kiran masifa. Ƙanen maigidana, wanda yara ke kira Baffa, ya taso daga Bukkuyum ya ce a sayar tun kafin a zo a kora su, a haɗa da mu. Ranar da aka kwance su daga turke ban fito daga ɗaki ba.

Kuɗin shanun gado ne na 'ya'yana uku, namiji ɗaya da mata biyu. Namijin ya shekara uku yana wata sana'a a waya da suke kira kirifto. Yadda ya yi mini bayani, wani irin kuɗi ne da hannu ba ya taɓawa, a saya in ya yi araha, a sayar in ya yi tsada. Da ita ya sayi babur, da ita yake cefane. 'Yan'uwansa suka ce a ba shi ya juya, in daji ya lafa a mayar da shanu. Baffa bai so ba. Ya ce, "Ni dukiyar da ba a ɗaure ta a turke ban yarda da ita ba." Amma da yake ya san yaron ba mai rawar kai ba ne, ya sa albarka.

Ni na fi kowa murna, don a ganina na gane sana'ar sarai. Shekara talatin ina sayen gero da kaka in zuba a rumbu, in fitar da bazara in ya yi tsada. Na ce ashe sana'ata ce aka ɗauka aka sa a waya. Har na koyi leƙe: in zanen ya yi kore an samu, in ya yi ja an faɗi. Tsohuwar da ba ta iya kiran waya sai an latsa mata, ta wayi gari tana duba kasuwar duniya.

Yaron yana da doka guda. Duk abin da ya saya sai ya sa masa iyaka. In farashi ya gangaro ya taɓa wurin, wayar da kanta za ta sayar, ya ɗauki 'yar asara ya fice. Ya ce sau biyu yana shan wuya kafin ya koyi haka.

Wata rana da hantsi ina tsintar wake a tsakar gida, ya fito yana duban waya, fuska a murtuke. Na leƙa na ga ja.

Na ce, "Mi ya faru?"

Ya ce, "Inna, abin gangara yake. Saura kaɗan ya taɓa iyaka ya sayar. Za mu rasa kamar ƙafar sa guda, sauran ya tsira."

"A sayar a kan faɗuwa? Kai ɗan wa ne? Ka taɓa ganin na buɗe rumbu ranar da gero ya karye?"

"Inna, wanga ba gero ba ne. Gero ko ya karye a daka a sha fura. Wanga in ya mutu ko ƙaiƙayi ba ya bari."

"To, malam, ka girma! Kai da ka shekara uku kana shafa gilashi, kai za ka koya mini kasuwa? Gumin ubanka ne. Ban yafe ba in ka bari aka sayar da shi a wulaƙance. Cire abin nan."

A wurinmu, in uwa ta ce ba ta yafe ba, babu ɗan kirkin da ke tsallakawa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa yatsa ya cire.

Kwana tara aka yi ana gangara. Kowace safiya in ya zo gaishe ni sai ya ce, "Inna, in sayar?" Ni kuwa in ce, "Yi haƙuri, bazara na tafe." Abin da ba shi da damina, ina zai samu bazara? Ranar goma abin da ya rage ko tunkiya ba zai saya ba.

Bai ɓoye ba. Shi da kansa ya kira 'yan'uwansa da Baffa, aka zauna a zaure, ya faɗa musu babu sauran komai. Baffa ya ce, "Ina dokar nan taka da ka cika mini kunne da ita?"

"Na cire ta da hannuna, Baffa."

"Wa ya sa ka?"

Ina zaune a bakin ƙofa da carbi a hannu. Yaron bai ko dubi inda nake ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kowa. Kwaɗayi ne."

Na ji, kuma na yi shiru. Kunya ta riƙe mini harshe. Duk unguwa an san ni da cewa hatsina ba ya faɗuwa, ga 'ya'yana mata a zaune, ga ƙanen miji. Na ce a raina bari ran Baffa ya huce, gobe na faɗa masa. Baffa ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Ashe yayana bai bar namiji a gida ba." Yaron ya miƙa masa hannu a ƙofa, ya wuce kamar bai gani ba.

Sati bai cika ba ɗana ya sayar da babur ya raba wa 'yan'uwansa kuɗin, ya bar mini matarsa da goyo, ya tafi Bagega fasa dutsen zinariya. Wanda ya san Bagega, da gubar dalma da ɓarayin dajinta, ya san abin da uwa ke ji in ɗanta ya nufi can. Shekara da rabi ya yi, ya dawo duk ya zube, tafin hannu ya tsattsage. Ko sau ɗaya bai tuna mini ba.

Duk tsawon lokacin nan ina shirin zuwa Bukkuyum. Yau hanya ba lafiya, gobe ƙafa na ciwo, jibi a bari sai bayan Salla. Ina cikin wannan shirin aka aiko Baffa ya rasu, zazzaɓin kwana uku.

Sai ga shi ƙafar ta kai ni. Ranar sadakar uku na tara 'ya'yana da matar marigayin a ɗaki, na ce, "Ni na sa yaron nan ya cire iyaka. Da rantsuwar uwa na tilasta shi." Matar Baffa ta share hawaye ta ce, "Kayya, Yaya! Da kin faɗa da wuri. Har ya kwanta ciwo yana cewa ɗan yayansa ya ba shi kunya, ga shi duk cikin yaran shi ya fi so." Ɗana ya ce, "Inna, ya wuce." A wurinsa ya wuce.

Yanzu ya koma sana'arsa da ɗan abin hannunsa, kuma ya cika wa 'yan'uwansa haƙƙinsu a hankali. Iyakar nan ko sama za ta faɗo ba ya taɓa ta. In na matso zan leƙa sai ya kife wayar yana dariya, ya ce, "Inna, addu'a dai." Ni ma in yi dariyar, in koma ga wakena.

Abin da na gane a tsufana, sanin kasuwa ɗaya ba ya sa ka san wata, kuma wanda ya kafa wa kansa doka bayan ya sha wuya, ko kai ka haife shi ka bar masa dokarsa. Wannan kuskure ne, Allah na yafe kuskure. Shirun da na yi a zaure shi ne ke ci na.

Turakun nan biyu suna nan a tsakar gida, na hana a tone su. Masu shigowa in sun gan ni ina kuka a wurin suna zaton shanu nake tunawa. Magana ce da ba ta kai numfashi guda ba, na riƙe ta har wanda ya kamata ya ji ta ya kwanta a maƙabartar Bukkuyum yana fushi da yaron da ya rufa wa uwarsa asiri.