Kwikwiyon da Aka Yanke wa Hukunci

Shekarar da ɓarayi suka ɗauke mini akuya biyu a Gusau, na je Rawayya wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata, na karɓo kwikwiyo ja mai farin wuya. Na kawo shi gadi, ko da yake a lokacin zakara ma yana iya korarsa.

Maƙwabcina wani Alhaji ne mutumin Tsafe, wanda kullum yake tuna mana kakansa mafarauci ne. Shi kansa ban taɓa ganin ya kama ko fara ba. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, in kana son kare shi yi zahi, ɗamre shi za ka yi wuni guda. Kada shi ga kowa." Ni kuma, da karatuna da komai, na bi. Na ɗaure ɗan talikin a gindin dalbejiya tun safe har la'asar.

Da na kwance igiya sai abu ya tashi. Ya mannar da kunnuwa, ya runtuma, ya zagaye tsakar gida sau bakwai, ya tsallake turmi, ya watsa kaji, ya kama wutsiyarsa ya faɗi. Can ya kwanta yana haki yana kallona, kamar ba shi ba. Kullum haka. Na daka tsawa, ya ƙara mai. Na bi shi da gudu, ya ɗauka wasa ne, matata kuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ranar Laraba ya sami ƙofa a buɗe, ya fita, ya kifar da butar Alhaji yana tsakiyar alwala. Abin nema ya samu. Kafin magariba unguwa duk ta ji cewa ina ajiye da mahaukacin kare, kuma bakin da ya ce a ɗaure shi, shi ne ya ce a kashe shi. Da ƙyar na roƙi kwana uku.

Na kira Inna a waya. Ta ce, "Kai ma in anka ɗamre ka tun sahe, mi za ka yi in anka sake ka? Yana shan ruwa? Yana cin abinci? To ƙuruciya ta. Sake shi, ka gajiyar da shi."

Na yar da igiya. Safe da yamma ina zagayawa da shi bayan gari, ina jefa masa totuwar masara yana ɗaukowa. In abin ya motsa, sai in kawar da buta da kwanuka, in tsaya cik, in yi shiru har ya gama. Ba ya wuce minti biyu.

Rana ta uku bayan la'asar magidanta huɗu suka shigo da sanduna, Alhaji a gaba. Suka tarar da mahaukacin ya miƙe ƙafafu a inuwa yana barci. Na kawo ruwa ya sha, ya koma ya kwanta. Na ce gani ya kori ji.

Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Wanga shi na mugun. Mai shiru ya hi haɗari." Sauran suka gyaɗa kai, don sun riga sun ɗauko sanduna, kunya ce su mai da su haka. Maƙiyinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura.

Ya kamata in tsaya in ce karena ne, gidana ne. Ban iya ba. Da su nake sahu ɗaya a masallaci. Na ce su yi haƙuri zuwa safiya. Da gari ya waye na sa shi a kwali, na ɗaure a bayan babur, muka kama hanyar Rawayya yana leƙo kai yana lasar iska.

Yanzu ya zama ƙaton kare, ba wanda ke kusantar awakin Inna. Da na je gaisuwar sallah, ya tare ni a bakin zaure yana haushi kamar bai taɓa ganina ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Inna ta ɗauki kara za ta kore shi, na ce ta bar shi, yana da gaskiya.