Rijiyar da Ta Hana Gari Tashi

A zamanin Nasaran Faransa, duk wanda ya sha ruwa tsakanin Waca da Dungas, da wuya in ba a rijiyar Mamuda ya sha ba. Mahaƙin rijiya ne, gajere mai faɗin ƙirji, ga cika baki. In ya zaga fili ya dubi itatuwa, sai ya doka ƙafa ya ce, "Nan." In aka ce masa ya riƙa cewa in Allah ya yarda, sai ya ce ai Allah ya riga ya yarda, shi ya sa ya aiko Mamuda. Malamai sun ja masa kunne har sun gaji, ruwa kuwa bai fasa fitowa ba.

A ƙauyensu ba a tambayar mai ƙishirwa sunansa. Guga da igiya a bakin rijiya suke yini, kowa ya zo ya ja. Wata rana wasu mahara suka faɗa wa ayarin gwamnati, suka kashe sojoji, suka biyo ta ƙauyen suka shayar da raƙumansu, suka wuce. Matan da ke ɗiban ruwa har taya su jan igiya suka yi, don ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Washegari sojojin kumandan, Baturen mulkin yankin, suka biyo sawu har bakin rijiya. Ba mahara, sai mata da tuluna da wani tsoho mai shayar da awaki. Mata suka ga bindigogi suka watse, gudun nan kuwa shi ya zama laifinsu. Aka buɗe wuta. Cikin waɗanda suka faɗi har da Fadi, matar Mamuda. Kafin la'asar aka tasa Mamuda gaba da bakin bindiga ya cike rijiyar da hannunsa, wai garin da ya shayar da 'yan tawaye ya ɗanɗani ƙishirwa. Zalunci ne tsagwaronsa, ba shi da wani suna.

Gari ba ya zaunuwa ba ruwa. Mutane suka fara ɗaure kaya za su tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki, wajen dangi. Mamuda ya ce shi ƙafarsa ƙafar kabarin Fadi. In kowa ya tashi, ciyawa za ta shafe wurin, ba mai tsayawa ya yi mata addu'a. Ya roƙi mai gari a ba shi zuwa ƙarshen wata ya haƙa wata rijiyar.

Mai gari ya ce, "In sojoji suka dawo fa?"

Mamuda ya ce, "Ranka ya daɗe, waccan suka ce a cike, na cike. Ƙasar Allah kuwa da faɗi."

Haƙa ba ta yiwuwa sai da mai jan ƙasa daga sama. Kowa ya noƙe, sai Sallau wan Fadi, wanda kuma taubashin Mamuda ne. Yana jan kwando yana tsiya: "Kai gajere, in ta rufta da kai ka rage mana wahalar haƙa kabari!"

Daga ƙasa Mamuda ya amsa, "Ja kwando, bawana, surutu ba ya kawo ruwa."

Da wannan tsiyar suke haɗiye kuka. Ta kuwa rufta sau ɗaya, rairayi ya kai masa ƙirji. Sallau ya jawo shi, suka tokare gefen da itace, ya koma. Mata suna tafiyar rabin yini neman ruwa, wasu gidajen suka kasa jira suka tafi.

Ran da sauran ke aza wa jakuna kaya, kwando ya fito da nauyi, yana ɗiga. Sallau ya dumbuzi jiƙaƙƙen rairayi ya ruga ya zuba wa mai gari a tafin hannu. Aka sauke kaya.

A al'adar mahaƙa, matar mai haƙa ce ke ɗanɗana ruwan farko, ta faɗa wa gari mai daɗi ne ko mai zartsi. Mamuda ya fito da ƙwarya cike, jiki duk laka, yana washe baki.

"Ban faɗa maku ba?" Ya juya wajen taron mata ya ɗaga murya. "Ina uwargida? A ce ta zo ta…"

Sai ya tsaya. Sallau ya karɓi ƙwaryar kafin ta zube.

Ƙauyen ya zauna, waɗanda suka tafi ma wasu sun dawo. Mamuda ya ci gaba da haƙa har gemunsa ya yi fari, cika bakin ma bai rage ba. Amma in ruwa ya tsattsafo, sai ya hau igiya hannu wofi, ya ce wani ya sauka ya ɗebo.